Garin da Aka Gina Ba Tsohuwa

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, kuma a cikinsa ne 'yata Safiya ta sauka. Haihuwar fari ce, don haka na ɗauko ta wankan gida nan Birnin Kudu. Da safe ɗan garuwa zai turo kurarsa har ƙofar gida, ya juye mana iya jarkar da muke so, in ɗora tukunya, in karyo ganyen darbejiya. Ran nan ina cikin fyaɗa mata ruwa sai ta ɗaga murya, wai, “Umma, wannan ai azaba ce! A asibiti ma an ce a daina.” Ruwan da na sirka har ya kusa zama na sha! Na yi jifa da ganyen, na wanke ta tas da faɗa, faɗan da ya fi ƙarfin laifinta. Ta yi tsuru tana kallona. Ba da ita nake ba. Warin ganyen nan a cikin ruwan zafi, da zafin gari, da ƙishin azumi, su suka haɗu suka mai da ni Layi, ni kuwa in na tuna Layi ba na iya magana a hankali.

Layi muke ce masa. Yana da wani dogon suna na Turanci a jikin allo a bakin hanya, amma ban taɓa jin bakin da ya kira shi ba. A ƙasar Gwaram yake, in ka saki hanyar Farin Dutse ka nausa ciki. Lokacin ko Jigawa ba a yanke mana ba. Gwamnati ce ta aiko katafila ta tumɓuke itatuwa, ta baje kunyoyin mutane, sannan ta jera gidajen bulo da rufin kwano, layi bayan layi, kowane gida da lambarsa a ƙofa da jan fenti. Ɗaki biyu, ba zaure, ba katanga, ba rumbu. Hatsi sito ake kaiwa. Noma sai motar noma ta zo. Ruwa kuma burtsatse ɗaya ce mai inji a tsakiyar gari, da tanki a samanta, aka kuma hana haƙa rijiya, wai za ta ɓata tsari. Matar aure in tana daka, mai wucewa ta layi na uku yana hango hammatarta. Da rana kwano ya ɗauki zafi, ɗaki ya gagari shiga, waje kuma babu inuwar da akuya za ta fake. Wanda ya zauna ya zana garin nan, ko yana raye ko ya mutu, ban yafe masa ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Babban aikin da suka tafka shi ne zaɓen mutane. Sharaɗin shiga Layi, ka zama magidanci mai jini a jika, ka zo da matarka da 'ya'yanka, shi ke nan. Ban da tsoho, ban da tsohuwa, wai ba sa noma, sai ci. Aka kwaso mutane daga Kwandiko, daga Unguwar Ya, daga ƙauyukan da ban ma san sunansu ba, wani bai san wani ba, aka zuba. Gari guda cur, ka zagaye shi ba za ka ga furfura ba. Limaminmu ma gemunsa bai gama haɗuwa ba. Da fari matan har murna suke, ba uwar miji, ba mai sa ido. Inna, mahaifiyata, ma na sha jin ta tana dariyar haka da maƙwabciyarmu Hansai.

Mu daga Unguwar Ya muka zo, ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya. Baba ya fita daga gandun yayansa, Baffa, da baƙar magana. A gaban mutane ya ce ya gaji da yi wa wani bauta, zai tafi inda gwamnati za ta ba shi gonarsa da gidansa, kuma in aka sake ganinsa a gidan nan, to gawarsa aka kawo. Baffa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Baba mutum ne mai ƙwazo, ba zan tauye masa haƙƙi ba, ko jaki bai fi shi juriyar aiki ba. Sai dai in ya furta magana gara ya mutu a kanta. An ce girman kai rawanin tsiya, shi kam nasa ya naɗa shi har ido.

Ƙasar da aka gina Layi a kanta ba daji ba ce, gonakin wani tsohon ƙauye ne da ke gangare da mu. Ba zan kira sunansa ba, jikokinsu suna nan. Mu Cikin Gari muke ce masa. Sun tsane mu, kuma ba su ɓoye ba. 'Yan Layi, 'ya'yan gwamnati, masu lamba kamar motar haya. Mazanmu su yi sallama, a amsa musu da ƙyar, ana kallon gefe. Yaransu su jefe mu da hoge, mu ma mu rama, mu ce musu 'yan bukka. Ban taɓa ganin wani daga Cikin Gari ya zo suna ko gaisuwa a Layi ba.

Katafila ta bar bishiya ɗaya tak a layinmu, wata ƙatuwar ɗorawa a bayan gidanmu. Ban san dalili ba, wataƙila mai ne ya ƙare ranar. Ɗorawar ta wata tsohuwa ce a Cikin Gari, Iya Kande mai daddawa. Kowa ya sani a ƙasar nan gona daban, itace daban, ana iya rabuwa da gona ɗorawa ta zauna a hannun mai ita. Bazarar farko ta zo da ƙugiyarta da buhunta za ta yi kaɗa. Baba ya fito ya tare ta, ya ce Manaja, wanda gwamnati ta ɗora a kan Layi, ya hana baƙi shigowa.

“Baƙi?” in ji ta. “Ni ce baƙuwa a nan? Yaro, a gindin bishiyar nan na yaye 'ya'ya.”

“Iya, nan gonar gwamnati ce yanzu.”

“Gwamnati ce ta shuka ta?”

Baba ya fizge ƙugiyar ya wurga ta bayan wayar da aka kewaye Layi da ita. Tsohuwar nan ta je ta sunkuya ta ɗauka, ta dube shi, ta dube ni da nake tsaye a bayansa, ta juya. Shekarar mun sha ɗorawa har bakinmu ya yi rawaya. Inna ta ce a aika mata da kalwar ko rabi ne, Baba ya ce ko ƙwaya.

A bazara ta uku azumi ya same mu, Inna da tsohon ciki. Zafin shekarar ban taɓa ganin irinsa ba sai bana. Tun hantsi iska take tsayawa cak. Ka taɓa ƙofar kwano ta ƙona ka. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin bango. Da azahar mutane su kwanta a ƙasan siminti, su jiƙa zane su lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Azumi yana 'yan kwanaki injin burtsatse ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya mutu. Manaja ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano. Shi iyalinsa suna Birnin Kudu, da safe yake zuwa da jarkarsa a bayan mota, da la'asar ya koma. Kafin Juma'a ta zagayo tanki ya ƙafe, yara suna buga shi da dutse yana amsawa.

A cikin wannan hali naƙuda ta kama Inna. Sauran matan Layi gida suke tafiya haihuwa. Ita uwarta ta rasu, gidan Baffa kuma rantsuwar Baba ta rufe shi. Akwai ɗakin shan magani, an gina, an yi masa fenti, an garƙame, jemagu ne ma'aikatan. Hansai ce ta karɓi haihuwar, yarinyar da ita kanta ɗa ɗaya gare ta. Ina riƙe da fitila ko da yake rana ce, don ban san me zan riƙe ba. Hansai ta riƙe reza, tana tambayar mai naƙuda, “Yaya, a nan zan yanke? Ko in ƙara gaba?” Inna ce ta ɗago kai daga tabarma ta nuna mata. Namiji aka samu, muka riƙa ce masa Labaran tunda a azumi ya zo.

Mai jego wanka biyu take yi a yini, safe da yamma, har kwana arba'in, da tafasasshen ruwa cike da rabin duro, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata. Haka muka taso muka gani. In aka yanke mata wanka sanyi ya shige ta, ta kumbura, kuma kowa ya san inda kumburi yake kai mace. Aikin tsohuwa ne, ita ta san zafin da ya isa, ita ta san inda ake dannawa. A gidanmu aikin ya faɗo kaina, ina shekara goma sha uku, ina kuma azumina na farko da na ɗaura niyyar kaiwa ƙarshe.

Mazan Layi suka ce doka ta ci gidansu, suka yi gayyar haƙa rijiya. Daga sallar asuba suke farawa, da azumi a bakinsu, wasu a rami, wasu suna jan ƙasa da igiya. Baba shi ne a ƙasa kullum, ya fito jikinsa fari fat, leɓɓansa sun tsage. Mata muna leƙe daga nesa muna addu'a. Suka haƙa zurfin gaba biyu da wani abu, sai diga ta yi ƙara ta dawo. Dutse ne shimfiɗe. Suka matsa gaba suka sake, nan ma dutse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manaja ya zo ya leƙa ramukan, bai ce sannu ba, ya ce a cike su kafin damina, hanyar motar noma ce.

Dole aka koma rijiyar Cikin Gari. Suka kafa mana sharaɗi: sai matansu sun gama, sai an shayar da shanunsu, sannan 'yan Layi, tulu ɗai-ɗai. Mu tsaya a rana a jere, su suna inuwar tsamiya suna hira suna jan guga a hankali da gangan. Kwanakin farko ina lafewa a bayan Hansai, na ja mayafi har hanci. Ran nan na cika tuluna, na ɗora gammo, sai na ji an riƙe mini hannu. Iya Kande ce.

“Ke, buɗe fuskarki. 'Yar gidan mai ɗorawa ce ko?”

Na sauke mayafin. Ta sa ƙafa ta tura tulun, ruwan da na yi rabin yini ina jira ya malale a ƙasa, ƙasa ta shanye shi a gabana.

“Ki je gwamnati ta ba ki.”

Raina ya ɓaci, idona ya rufe. Na ce, “Rijiyar ubanki ce?”

“Ta ubana ce kuwa, fitsararriya. Shi ya haƙa ta, da hannunsa. In na ƙara ganin ƙafarki a nan sai na karya ta.”

Matan suka bushe da dariya. Ashe gaskiya ta faɗa, ubanta ne ya haƙa. Na ɗauki tuluna fayau na tafi, ban yi kuka ba sai da na ba su baya.

Daga nan sai rafi. Rafin ya ƙafe tun kaka, yashi ake tonawa da sakaina, ka zauna ka jira ruwa ya tsattsafo, ja, mai warin laka. Tafiya ce mai nisa, in na je da safe sai rana ta take nake dawowa, in sake komawa da yamma. Wuyana ya sage, maƙogwarona kamar an zuba toka. Sau da yawa ina kallon ruwan nan a sakaina Shaiɗan yana ce mini kurɓi, ba mai gani. Tulu biyu a yini, a ciki za a sha ruwa, a yi tuwo, a yi alwala, a wanke tsumman jariri, a yi wa mai jego wanka. Baba ma yana ɗebowa da garwa in ya samu sarari, amma ramukan yashin kullum ƙara zurfi suke, ruwan yana raguwa. Wankan Inna ya sauka daga rabin duro ya koma tukunya, daga tukunya ya koma ƙwarya, daga sau biyu ya koma sau ɗaya.

Ga kuma itace. Garin da aka tumɓuke bishiyoyinsa, kara kuma an sa an ƙone tun bayan girbi don share wa motar noma fili, da me za a tafasa ruwa? Na tsinci kashin shanu, na tsinci totuwar masara, suka ƙare. Wata safiya Baba ya ɗauki gatari ya hau ɗorawar nan, ya sare babban reshe da 'ya'yansa a jiki. Inna tana daga ɗaki tana cewa, “Malam, kar ka yi, don Allah kar ka yi,” bai ko waiwayo ba. Ƙarar gatarin har Cikin Gari. Ɗanyen itace ne, hayaƙi kawai yake, ruwa ya yi ɗumi ya tsaya. Washegari aka kori duk 'yan layinmu daga rijiya. Sai da liman ya je ya durƙusa, aka ce kowa ya dawo ban da gidan mai gatari, kuma duk wanda ya ba mu ko moɗa ɗaya shi ma ya bar zuwa. Maƙwabtan da muke cin tuwo tare suka daina haɗa ido da mu. Mijin Hansai ya hana ta shigowa. Takan ajiye mana ƙwaryar ruwa a bayan ɗaki ta gudu, Allah ya saka mata, ita kaɗai.

Ƙafafun Inna suka fara hawa. Da fari idon sawu, sannan ƙauri, sannan fuska. A cikin zafin da kare ke neman rami, ita rawar sanyi take, tana cewa in lulluɓe ta. In ta kwanta numfashi ya gagara, sai a zaune take barci, ta jingina da bango. Labaran ya tsotsa ya saki ya tsala kuka. Baba ya tare Manaja a bakin sito, ni ina biye da shi, ya ce a taimaka a ɗebo mana ruwa a mota ko duro ɗaya ne, mai jego za ta mutu. Manaja ya ce wankan jego jahilci ne, shi yake kumbura mata, a bar shi. Ya ba Baba wasu ƙwayoyi a ƙullin takarda ya shiga mota. Na sani, yanzu likitoci ma kusan haka suke faɗa. Amma shi ba don ya damu da Inna ya faɗa ba, ko leƙa ta bai yi ba. Ya faɗa ne don kar jarkarsa ta ragu.

Ranar da abin ya faru Baba ya tafi rafi tun asuba. Ni ban je ba, ƙafata ta fashe. Rana ta take, gari tsit, sai na ji Inna ta ce, “Ke, ɗauko mini zanen goyo.” Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana.

“Inna, ina za ki? Ba ki yi arba'in ba.”

“In na zauna ma ba zan yi ba.”

Takalmi ya ƙi shiga ƙafarta. Ta sa na naɗe mata su da tsumma. Ta goya Labaran, ta dafa kafaɗata, muka fito. Mai jego a waje da tsakar rana! Mutanen Layi suna leƙe ta ƙofofinsu masu lamba, babu wanda ya ce ina za ku, babu wanda ya ce sannu. Muka bi gangaren nan, ta yi taku kaɗan ta tsaya ta yi haki, nauyinta duk a kaina. Yashi yana ƙona ni ta cikin silifa, ita ban san me take ji ba.

Iya Kande tana zaune a kan kututture a bakin rijiya, mata kewaye da ita. Tana hango ni ta miƙe.

“Ba na ce kar in ƙara ganinki ba?”

“Ba ita ta zo ba, Iya,” in ji Inna. “Ni na zo.”

Ta zame ta zauna a ƙasa, ta kwance goyo ta ɗora shi a cinya, ta ja zane zuwa gwiwa. Hira ta mutu. Wadda ke jan guga ta tsaya da igiya a hannu. Tsohuwar ta matso, ta sunkuya, ta danna babban yatsa a ƙaurin Inna. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba.

“Kwananki nawa?”

“Ashirin da wani abu.”

“Wa ke miki wanka?”

Inna ta nuna ni da haɓa.

“Wannan fitsararriyar? Ina tsohuwar gidan?”

“Babu.”

“Ta maƙwabta fa?”

“Iya, duk garin babu tsohuwa.”

Iya Kande ta tafa hannu ta yi salati. Ta juya wajen matan. “Kun ji? Sun ƙwace gonakinmu sun gina gari, sun manta da tsohuwa! To wa ke yanke musu cibi? Wa ke wanke musu gawa?” Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba.

Inna ta jira suka gama. Ta ce, “Ban zo roƙon tulu ba. Ko ku yi mini wankan jego, ko ku yi mini na gawa, ɗaya dai sai kun yi, tunda ku ke da ruwa. Na kawo muku kaina kusa ne don kar ku sha tafiya.”

Tsohuwar ta galla mata harara. Sannan ta daka mata tsawa. “Tashi, 'yar banza, kar ki mutu mini a nan ki ɓata mana rijiya! Ku kama ta. Ke kuma mai baki, tsayuwar me kike? Ja guga!”

A bayan zanar gidanta aka yi. Manyan tukwanen dafa kalwa ta ɗora, da busasshen itace mai kama wuta nan take. Ta sa aka karyo ganyen runhu da na tsamiya. Na ja guga, na kai, na dawo, na ja, har tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Ina jin ihun Inna daga bakin rijiya. Kowace fyaɗa da zaginta: mijinki ɓarawon itace, mijinki mai gatari, miƙe ƙafar nan, munafuka, da kuna shan ɗorawata ba ki yi ihu ba. Da ta gama ta dama mata kunun kanwa, ta kwantar da ita a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, ta karɓi Labaran ta wanke shi sarai tana mita wai an bar jariri yana tsami. Yammacin nan Inna ta yi barci a kwance.

Dab da shan ruwa Baba ya zo, afujajan, ya yi sallama a zaure. Iya Kande ta fito ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu.

“Na zo ɗaukar iyalina.”

“Nan ba gonar gwamnati ba ce. An hana baƙi shigowa. Ka dawo ranar arba'in.”

Ya tsaya, ya tsaya, aka kira sallah yana tsaye. Ba wanda ya miƙo masa ko kurɓin ruwa ya buɗe baki. Ya juya, na bi shi.

Haka sauran kwanakin suka tafi. Da asuba in gangara Cikin Gari in cika tukwane, in hau Layi in yi wa Baba abinci, da la'asar in sake gangarawa. Tsohuwar nan ko sau ɗaya ba ta ce mini sannu ba, kuma ba ta taɓa tambayar sunana ba, Fitsararriya ya ishe ta. Ni ma ban taɓa gaishe ta da daɗin rai ba. Ƙafafun Inna suka fara saɓewa. Safiya za ta ce ba wankan ba ne, hutu ne da abinci da inuwa. Ta je ta ce. Ni dai na ga idon sawu ya fito. Wata rana na shigo da tulu na tarar da ita a inuwa cikin mata, ana wanke kalwa, tana dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da rabona da ji tun Unguwar Ya. Maimakon in yi murna sai na ji haushi ya tokare ni, na dire tulun da ƙarfi har ya kusa fashewa.

Sallah ta zo, ni da Baba muka ci tuwo mu biyu. Bayan Sallah aka kawo ƙarfen daga Kano, inji ya tashi, ruwa ya yi ta ambaliya, yara suna tsalle a ciki tsirara, maƙwabta suka dawo da gaisuwa kamar ba su ba. Sannan hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe kwanon gidaje biyu, aka yi ruwan fari, ƙasa ta yi ƙamshi. Baba ya ga ai magana ta ƙare. Ranar arba'in ya sa rigar Sallarsa, ya ari keke, ya ɗaura matashi a kariya don Inna ta zauna. Muka gangara.

Inna ta fito zaure da goyonta, ta yi kitso, ta yi lalle, a tsaye kan ƙafafunta. Ta rusuna ta gaishe shi.

“An gyara burtsatse,” in ji Baba. “Ruwa har malala yake. Taso mu tafi.”

“Malam, ni ba zan koma Layi ba.”

Ya yi kamar bai ji ba.

“Ka nema mana gari,” ta ce. “Ko Unguwar Ya, ko nan, ko ina ne, in dai gari ne da manya a ciki. Ranar da ka samu ka zo ka ɗauke ni, ko a ƙafa zan bi ka.”

In ya bar Layi, gida da gona sun tafi, a ba wani. In ya koma Unguwar Ya, sai ya shiga zauren Baffa da ƙafarsa. Ya ce, “Kin san abin da na faɗa a gidan Yaya.”

“Na sani. Ni ban faɗa ba.”

Ya daɗe yana kallon matashin nan. Sannan ya juya kan keken. “To ki zauna.” Ya dube ni. “Uwani, mu je.”

Ban motsa ba. Inna nake kallo, ina jira ta ce bar mini ita. Kalma uku ce, ba ta fi ba. Iya Kande ce ta yi magana daga ciki: “Tafi da abarka, wa zai dafa maka? Ni ba ni da wurin ajiye wannan bakin.” Inna ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Mutane suka ce kunyar 'yar fari ce, ba ta iya nuna ni a gaban jama'a. Kunyar ta ci gidansu.

Kafin kaka aure ya mutu. Daga baya ta auri ɗan ƙanin Iya Kande, ta zama 'yar Cikin Gari, Labaran ya tashi yana jifan 'yan Layi da hoge. Ta rayu, ta yi furfura, ta ga jikoki, kuma ban ce ban gode wa Allah ba. Ni na tona yashi, ni na ja guga har hannuna ya fashe don uwata ta tashi, ta kuwa tashi. Tun daga yammacin da na bi bayan keken Baba muka hau Layi, ban ƙara kwana ɗaki ɗaya da ita ba.